Baƙo da Mai Masauki: Tarihin Girid da Gidajen da Suka Ɗauke Shi

A farkon watan Agusta na 2023, kimanin mako guda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take tura wa Nijar. Damagaram da Maraɗi, waɗanda layin Katsina zuwa Gazawa yake ciyarwa, suka shiga rabon wuta, a kawo ta ɗan lokaci a ɗauke ta sa'o'i. Masu injin niƙa, da masu ƙanƙara, da masu walda, kowa ya ji a jikinsa, kuma ba a maido da ita ba sai a 2024, bayan ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi. Mutumin Dawce da yake shiga Matamaye ko Damagaram cin kasuwa a wancan lokaci ba ya bukatar a ba shi wannan labari.

Abin da ya sa na fara da shi kuwa, sunan abin da nake son ba da tarihinsa daga waɗannan wayoyi aka aro shi. A harshen Ingilishi sarƙar layukan lantarkin da ta haɗa tashoshi da garuruwa ita ake kira girid. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Ian Foster na cibiyar bincike ta Argonne da ke kusa da Shikago, da Carl Kesselman na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, suka fitar da littafin da ya yaɗa wannan suna a fagen kwamfuta. Burinsu shi ne mai bincike ya riƙa samun ƙarfin lissafi kamar yadda magidanci yake samun wuta, wato ya sa waya a jikin bango kurum, ba ruwansa da madatsar ruwan da ta haifi wutar. Misalin yana da daɗi a kunnen wanda bai saba ganin an ɗauke wuta ba. Mu kam mun san bayan bango akwai waya, bayan waya akwai tasha, tashar kuma tana da mai ita, wanda in ya ga dama ya rufe. Masu girid ɗin kwamfuta sun shafe shekaru fiye da ashirin suna koyon wannan karatu, kuma yadda suka koye shi ya shafe mu.

A farkon shekarun 1990 manyan kwamfutocin lissafi ƴan kaɗan ne, kuma da yawansu suna hannun jami'o'i ko cibiyoyin gwamnati. Kowace cibiya tana da nata tsarin shiga, da nata rajistar masu amfani, da tata manhajar da take jera ayyuka a layi tana ba kowane lokacinsa. Mai binciken da yake son aiki a cibiyoyi uku sai ya nemi izini sau uku, ya riƙe kalmar sirri uku, ya koyi al'adar gida uku. A watan Disamba na 1995, a wajen taron masana manyan kwamfutoci a San Diyego, aka yi wani gwaji mai suna I-WAY, inda aka haɗa cibiyoyi 17 na ƴan kwanaki. Dabarar da ta sa gwajin ya yiwu ita ce abin lura. Ba a ce wa kowace cibiya ta sāke tsarinta ba, domin babu wadda za ta yarda. A maimakon haka aka ajiye wata ƙaramar kwamfuta iri ɗaya a ƙofar kowace cibiya. Ta fuskar waje tana magana da harshen da duka 17 ɗin suka sani, ta fuskar ciki kuma tana magana da harshen gidan. Wannan ita ce asalin abin da ake kira manhajar tsakani: ba ita ce kwamfutar da ke lissafi ba, ba kuma ita ce aikin mai bincike ba, tana tsakaninsu ne tana tafinta.

Bahaushen da ya san tarihin fatauci zai gane wannan tsari nan take. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayarin da ya fito daga Gadamas ko Turabulus ba ya kutsawa cikin Birnin Damagaram ya baje kaya inda ya ga dama. A Zango yake sauka, wajen mai masauki. Mai masauki shi zai ajiye kaya, ya ciyar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya kuma amsa a gaban hukuma idan baƙon ya yi laifi. Haka aka yi a Salaga da Kumasi a cinikin goro, haka kuma Abner Cohen ya tarar a Sabo ta Ibadan a cinikin shanu, ya rubuta a littafinsa na 1969. Falke ba ya mallakar gidan da ya sauka. Ba shi ya gina rumbu ba, ba shi yake ciyar da barori ba, kuma iyakarsa zaure. Amma ba don wannan zauren ba, da goron Gwanja bai isa Kano ba.

Daga gwajin San Diyego aka haifi shirin Globus, wanda manhajarsa ta farko ta fito a 1998, kuma ita ta zama tushen kusan duk abin da ya biyo baya. Ga yadda aiki yake tafiya a cikinta. Mai bincike yana da takardar shaida ta lantarki wadda wata hukuma da aka amince da ita ta sa wa hannu. Da ita yake ƙirƙirar wata ƙaramar takarda ta wakilci, wadda bisa al'ada take mutuwa bayan sa'o'i 12, ya haɗa ta da aikinsa ya tura. Aikin zai isa zauren cibiyar, mai tsaron ƙofa ya duba takardar, sa'an nan ya duba wani kundi da masu gidan suka rubuta da hannunsu, wanda yake nuna wane baƙo ne za a karɓa, kuma da wane suna na cikin gida za a kira shi. In sunanka ba ya cikin kundin, takardarka ko ta fi ta kowa kyau ba ka shiga. In yana ciki, sai a fassara bukatarka zuwa harshen manhajar jerin gwano ta gidan, ko PBS ce, ko LSF, ko Condor wadda aka fara a Jami'ar Wiskonsin tun 1988. Daga nan manhajar tsakani ta gama nata. Wane aiki zai riga wane, kwamfuta nawa za a ba baƙi, sa'a nawa za a bar aiki yana gudu kafin a kashe shi, duk wannan hukuncin mai gida ne. Balle injunan kansu, da wutar da suke ci, da na'urar sanyaya ɗaki, da albashin mutumin da za a tasa tsakar dare idan faifai ya lalace. Foster da kansa, a wata maƙala ta 2002, ya sa wannan a matsayin sharaɗi na farko: abu ba ya zama girid sai idan dukiyar da yake haɗawa ba ta ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Da wataƙila duk wannan ya tsaya a gwaje-gwajen jami'o'i, sai ga wata bukata ta gaske ta taso a Turai. Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka ƙirƙiro shafukan intanet a 1989, tana gina wata na'ura a cikin rami mai zagayen kilomita 27 domin karo da ƙwayoyin zarra. An lissafa cewa bayanan da za ta riƙa fitarwa sun fi ƙarfin kwamfutocin CERN, kuma ƙasashen da ke ba da kuɗi sun fi son su sayi injuna su ajiye a gidajensu, su ɗauki ƴan ƙasarsu aiki, da su aika da kuɗin Janeba. Saboda haka rarraba aikin ba dabarar injiniya ce kaɗai ba, har da siyasar kasafin kuɗi. A watan Satumba na 2001 majalisar CERN ta amince da shirin girid na wannan na'ura. Aka tsara shi hawa-hawa: CERN a sama tana karɓar ɗanyen bayanai, ƙarƙashinta manyan cibiyoyi goma sha wani abu, irin su ta Liyon a Faransa, da Karlsruhe a Jamus, da Bolonya a Italiya, da Fermilab a Amurka, waɗanda ke ajiye kwafi a rumbunansu, sa'an nan jami'o'i masu yawa a hawa na gaba. A shekarun 2010 cibiyoyin sun kai kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40. Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a shirin DataGrid daga 2001 zuwa 2004, sa'an nan EGEE daga 2004 zuwa 2010, wanda ya samar da manhajar gLite. Amurka ta kafa nata, Open Science Grid, a 2005.

A nan ne zaman baƙo da mai masauki ya fara tsami. Manhajar gLite baƙuwa ce mai yawan bukata. Tana son a sa wa injunan gidan wani nau'in Linux na musamman, wato Scientific Linux wanda Fermilab da CERN suka riƙa fitarwa daga 2004, kuma ba ta tsaya a zaure ba, sai an girka wani ɓangare nata a kan kowace kwamfutar da ke cikin gida. Jami'ar da take da injuna don masu ilimin sinadarai da masu hasashen yanayi sai ta ga ana neman ta juya dukan gidanta saboda baƙo ɗaya. Wasu suka ware wa girid ɗaki na daban, wasu suka ƙi. Ƙasashen arewacin Turai, wato Nowe da Suwidin da Danmak da Finlan, sun bi wata hanya. Cibiyoyinsu na tarayya ne tsakanin fannoni da yawa, ba su da ikon tilasta musu komai, don haka manhajarsu ta ARC, wadda ta fito a 2002, aka gina ta a kan kunya irin ta baƙon kirki. Komai a zaure take yinsa: ita za ta ɗauko bayanan da aiki yake bukata, ta miƙa wa gida, ta karɓi sakamako ta mayar, ba tare da an girka komai a ciki ba. A lokacin wasu sun ɗauke ta ƙaramar hanya ta ƴan gefe. Yau tana cikin zaurukan da suka rage ana aiki da su, zauren gLite kuwa an rushe shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani. Tsarin farko ya dogara ne da wani dillali na tsakiya, wanda kowace cibiya take sanar da shi yawan injunanta da tsawon layinta, shi kuma ya zaɓa wa kowane aiki masauki. To amma labarin da ya isa wajen dillali sau da yawa ya tsufa, ko kuma tun farko ba daidai ba ne. Cibiya ta ce tana da wuri, aiki ya je ya tarar da layi. Wani lokaci kwamfuta ɗaya mai lalataccen faifai takan karɓi aiki ta kashe shi cikin daƙiƙa, ta sake karɓar wani, har ta cinye ɗaruruwa, domin a idon mai jerin gwano ita ce ta fi kowa sauri. Masu aikin sun raɗa wa irin wannan na'ura suna baƙin rami. Mai binciken da ke Marsai ba ya da ikon leƙa injin da ke Taiwan ya ga abin da ya faru, sai dai ya rubuta ƙorafi ya jira.

Maganin da manyan ƙungiyoyin bincike huɗu na CERN suka samo, kowace da tata manhajar, AliEn da DIRAC da PanDA da glideinWMS, shi ne abin da ayarin fatake ya daɗe da sani. Madugu ba ya jefa ayari cikin zangon da bai san halinsa ba, jagaba yake turawa gaba. Haka su ma suka daina tura aikin gaske kai tsaye. Sai su tura wani ɗan aiki marar kaya, ya bi layi kamar kowa, in ya sami kwamfuta ya dube ta: faifai yana da wuri? hanyar sadarwa tana aiki? In ya ga lafiya, sa'an nan ya kira gida a ba shi aikin gaske. In ya ga ɓaraka ya mutu shi kaɗai, ba a yi hasarar komai ba. Wannan ya rage faɗuwar ayyuka ƙwarai, amma ya tayar da wata rigimar, kuma a ganina masu gida suna da gaskiya a cikinta. Sun ce: da mun san sunan kowane baƙo, yanzu kuwa mutum ɗaya yake shigowa da takardarsa, sa'an nan ya buɗe wa waɗanda ba mu sani ba. In ɗayansu ya yi ɓarna da injinmu, wa za mu kama? An yi shekaru ana wannan muhawara, aka ƙera wata manhaja mai suna gLExec don warware ta, cibiyoyi da yawa suka yi ta jan ƙafa wajen girka ta, daga bisani aka watsar. Abin da ya zauna a ƙarshe shi ne amana: ƙungiyar da ta turo jagaba ita take riƙe rajista, ita kuma take amsa laifin mutanenta.

Daga nan baƙo ya ci gaba da rage wa mai gida nauyi. Da can sai an girka manhajojin kowane bincike a kowace cibiya, a yi ta fama da saɓanin siga. Tsarin CernVM-FS, wanda ya bazu a farkon shekarun 2010, ya sa aiki yana janyo kayan aikinsa ta intanet a lokacin da yake bukata. Bayan 2016 kuma manhajar Singularity, wadda aka sāke wa suna Apptainer a 2021, ta ba aiki damar zuwa a cikin akwatinsa, da irin Linux ɗin da yake so, ba tare da ya taɓa na gidan ba. Baƙo ya koma zuwa da tabarmarsa da tukunyarsa, abin da yake nema wuri ne da wuta.

Ranar 4 ga Yuli 2012 CERN ta ba da sanarwar gano ƙwayar Higgs, kuma lissafin da ya tabbatar da ita a waɗannan gidaje aka yi shi. Amma a duba abin da ya sami manhajojin da suka yi wannan aiki. A Janairun 2018 masu Globus suka daina kula da tsohuwar manhajarsu. A ƙarshen 2020 aka yi ritayar CREAM, zauren gLite. Dillalin tsakiya ya riga su tafiya. Hatta takardun shaidar nan an shiga musanya su da wani sabon tsari. Cibiyar Liyon kuwa, wadda aka kafa a can tun 1986, kafin a san kalmar girid, tana nan tana aiki, ta ga zuwan waɗannan baƙi ta ga tafiyarsu. Shi kuma mafarkin sa waya a bango, kamfanoni ne suka fi kusa da cika shi, tun daga lokacin da Amazon ya fara ba da hayar kwamfutoci ta intanet a 2006. Sai dai wannan otal ne mai mamallaki ɗaya, ana biya a kwana, ba tarayyar gidaje ba ce.

Afirka ta Yamma ta shiga wannan labari ta ƙofar taimako. A 2006 hukumar UNESCO da kamfanin HP suka ƙaddamar da wani shiri a ƙasashe biyar, Aljeriya da Gana da Nijeriya da Senegal da Zimbabuwe, da nufin masanan da suka yi ƙaura su riƙa aiki da na gida ta hanyar girid. A 2008 aka kafa zauren girid a Jami'ar Shaihu Anta Jop ta Dakar da taimakon masanan Faransa. Niyyar mai kyau ce, kuma an horar da matasa. Amma manhajar tsakani kyauta ce, ana iya girka ta cikin ƴan kwanaki, ita ce ɓangare mafi arha a cikin al'amarin. Abin da girid yake tambayar kowace cibiya shi ne ta kasance a kunne dare da rana, domin ana aiko mata da gwaji a kai a kai, ana kuma buga sakamakon kowane wata kowa ya gani. Wannan yana nufin wuta marar yankewa, da sanyi, da hanyar sadarwa mai faɗi, da ma'aikacin da albashinsa ba ya ƙarewa ranar da shirin ya ƙare. Ƙasar da ta zauna daram a girid ɗin CERN daga kudu da Sahara ita ce Afirka ta Kudu, kuma dalilin a fili yake: gwamnatinta ta riga ta gina cibiyar manyan kwamfutoci a Kef Tawun da kuɗinta, tana biyan ma'aikatanta, sa'an nan ta buɗe zaure. Ba mamaki da ƙoƙarin yankinmu ya koma kan tushe. Ƙungiyar WACREN, da aka kafa a 2010 da mazauni a Akara, aikinta haɗa jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da hanyar sadarwa tasu ta kansu, Nijeriya ta ƙaddamar da NgREN a 2014, Nijar ma tana da tata, Niger-REN.

Malaman makaranta sun san ƙaramin samfurin wannan labari. Na taɓa shiga wani ɗakin kwamfuta a wata makaranta da ba zan ambata ba. Wani shirin taimako ne ya kawo injunan, aka yi bikin buɗewa, aka ɗauki hotuna. Da na je, an lulluɓe su da zane saboda ƙura, batiran hasken rana sun mutu, malamin da aka horar an yi masa canjin wurin aiki, mabuɗin kuma yana aljihun darakta. Babu wanda ya saci komai. A takardar shirin an rubuta kuɗin injuna da na horo, ba a rubuta wanda zai sayi batir a shekara ta huɗu ba, ƙungiyar iyayen yara kuwa ba a tambaye ta ba tun farko.

Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan André Salifou, marubucin tarihin sarautar Damagaram a ƙarni na 19, ita ce gidan da ɗan Dawce mai son lissafi ko ilimin yanayi zai fi saurin isa. Tambayoyin da ƙasar Kance take da su, irin su yaushe damina za ta sauka, da yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ja da baya a fadamun da ake noman rake, tambayoyi ne da ake amsawa da lissafi mai nauyi. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 take tattara bayanan ruwan sama da amfanin gona na ƙasashen Sahel. A 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin shimfiɗa wayar gilashi mai ratsa Sahara, wadda a cikin rassanta akwai wanda ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya, tare da gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Wannan waya hanya ce ta ayari. Ɗakin da za a ajiye injuna a jami'a, da allunan hasken rana da batiran da za su riƙe su ranar da layin Gazawa ya yi shiru, da injiniyoyi biyu ko uku masu albashi na dindindin, waɗannan a kasafin jami'a da na ma'aikatar ilimi mai zurfi ake rubuta su, shekara bayan shekara.